Yadda Dakta Dabo Ya Yi wa Nono Magani

Labarin Dabo ba ya buƙatar gishiri. Yadda ya faru haka za a faɗe shi.

Dabo mutumin Rafin Kanya ne, wani ƙauye a ƙasar Sara ta Gwaram. Noma ya gada, amma tun yana saurayi hannunsa ba ya shiri da fartanya. Ya tafi Birnin Kudu neman aiki, ya samu shara a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Wata takwas yana share ɗakin da ake gwajin jini da fitsari, yana goge tebura. A wata na tara aka buɗe firjin da ake ajiye jinin mutane, aka tarar da furarsa a ciki, har ya rufe ta da faifai. Ranar aka sallame shi. Da zai fito ya tsinci wata tsohuwar farar kwat irin ta likitoci a kwandon shara, aljihunta ɗaya a yage. Da ita ya sauka gida, ya ce ritaya ya yi.

Tun daga nan ya ce a riƙa kiransa Dakta. Mutane suka amsa, don sunan yana ba su dariya. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

Wata Laraba da safe yana zaune a teburin Sada mai shayi, sai ga Malam Munzali, hedimastan firamare. Aka haɗa masa shayi, ya kurɓa, ya ce, "Jama'a, Alhamis ta sama muna da baƙuwa. Hajiya Ummussalma daga ofishin lafiya na Gwaram. Mutum ɗaya take nema a garin nan, wanda zai riƙa koya wa yara sha'anin ƙwayoyin cuta da wanke hannu. Wanda ta zaɓa za a ba shi koriyar falmaran mai rubutu a baya, da lasifikar hannu."

Dabo ya ajiye kofi. Falmaran ba ta dame shi ba, yana da kwat. Amma lasifika! Nan take ya ga kansa a tsakiyar gari, yana magana ana ji har bakin rafi.

Ya ce, "Malam, ka aika mata kada ta ƙona mai a banza. An gama zaɓe."

Sada ya ce, "Wa aka zaɓa?"

"Kana kallonsa. Ni da bakteriya wata takwas muna ɗaki ɗaya. Na san su, sun san ni. In na shigo da safe tsit suke yi."

"Tsintsiya suke tsoro, Dakta."

"Kai me ka sani ban da sukari da ruwan zafi? Wannan tsumman da kake goge kofi da shi, akwai bakteriya a jikinsa sun fi mutanen Gwaram yawa."

"Amma kullum kofi biyu kake sha."

"Ni sun san ni, na gaya maka."

Malam Munzali ba shi da malamin kimiyya tun da aka yi wa nasa canjin wurin aiki. Ya ga in an bar yara haka nan jifan ƙadangaru za su yi ta yi. Ya ce, "To, Dakta, ka zo gobe bayan tara. Ka gwada su kafin baƙuwa ta zo."

Washegari Dabo ya iso cikin kwat, ya ɗaure hanci da ƙyalle. A aljihun da bai yage ba akwai gilashin nan mai ƙara girman abu, ya aro wurin mai gyaran rediyo. 'Yan aji huɗu da na biyar suka zazzauna a gindin darbejiya.

Ya ce, "Ku buɗe kunne. A duniya akwai wasu ƙananan halittu, sunansu bakteriya. Ido ba ya ganinsu. Suna hannunku, suna bakinku, suna cikin hancin wancan da yake ƙwaƙula. Duk mugaye ne. Babu na kirki ko ɗaya."

Wata yarinya ta ɗaga hannu. Munawwara ce, 'yar aji biyar, 'yar wan matarsa Jummai. Dabo ya san bakinta tun daga gida, bai so ganin hannun nan ba.

Ta ce, "Baba Dakta, in ido ba ya ganinsu, kai da me ka gan su?"

"Da maikiroskof." Ya zaro gilashin ya ɗaga sama.

"Ai wannan na mai rediyo ne."

"Nasa ƙanin nawa ne. Zauna."

Malam Munzali yana tsaye gefe, ya cire sabuwar hularsa yana share gumi. Dabo ya ce, "Malam, ara mini hular nan. Babu inda bakteriya ke taruwa kamar hular mai ilimi, saboda ɗumin tunani."

Maganar ta yi wa Malam daɗi, ya miƙa.

Dabo ya ce inuwa ba ta da haske, ya kwashe yara zuwa tsakar fili. Hantsi ya riga ya yi zafi. Ya kifa hula a ƙasa, ya tsuguna, ya riƙe gilashi a kanta yana sama yana ƙasa, har wani farin ɗigon haske ya tsaya wuri ɗaya.

"Kun ga wannan ɗigon? Nan ne fadarsu. Ku zuba ido."

Yara suka zuba ido. Can wani ya ce, "Hayaƙi!"

"Ba hayaƙi ba ne, ƙura ce. Gudu suke yi."

"Dakta, ƙauri!"

"Haka suke wari in sun tsorata."

Malam Munzali ya ture yara ya fizge hularsa. Ya ɗaga ta, ya ga rana ta cikinta. Ya zira babban yatsa, yatsan ya fito ta sama.

"Dakta, mene ne wannan?"

"Ƙofar da suka fita ke nan. Ka gode Allah, yanzu babu ko ɗaya a ciki."

Yara suka zube a ƙasa don dariya. Kafin azahar labari ya kai teburin shayi. Dabo na zuwa Sada ya dafe hularsa da hannu biyu, ya ce, "Dakta, tawa ka duba ta daga can."

Malam Munzali ya so ya kore shi. Dabo ya bi shi har ƙofar gida yana rantsuwa darasin gobe babu rana a cikinsa. Malam ya juya ramin hular baya, ya ce, "Sau ɗaya."

A asibiti Dabo ya sha ganin ma'aikata suna shafa wani abu a ƙananan farantai, su rufe, su ajiye wuri mai ɗumi, bayan kwana biyu a ce ƙwayoyi sun tsiro. Bai taɓa tambayar me ke cikin farantan ba. A ganinsa duk abin da ke raye tuwo yake ci. Ranar Juma'a Jummai tana fita ɗiban ruwa ya shiga ɗakinta, ya sauke kwanukan jerenta guda tara, masu murfi da zanen fure, ya yayyanka sauran tuwon jiya a ciki.

A makaranta ya ce, "Yau noma za mu yi. Gonar bakteriya. Wanda ya san bai wanke hannu ba, ya zo gaba."

Aji duka ya zo gaba. Wannan ya danna yatsa a tuwo, wancan ya yi tari, wani ya kawo ƙasar bakin masai. Dabo ya rurrufe, ya ɗaure kowane kwano da leda. Da ya nemi wuri mai ɗumi bai ga kamar kabad ɗin ofishin hedimasta ba, ƙarƙashin rufin kwano. Ya jera su a kan takardun jarrabawa ya rufe. Bai gaya wa Malam ba, don kada ya tayar masa da hankali.

Litinin da safe Malam Munzali ya buɗe ofis, ya fito da baya yana tari. Ya ce ɓera ya mutu. Da ya sake leƙawa ya ce a'a, wannan ya fi ƙarfin ɓera, sai dai kare. Aka toshe hanci aka bi ɗoyi har kabad.

Dabo ya iso ya tarar an fito da kwanukan tsakar fili da sanda. Ya kwance leda ɗaya. Tuwo ya yi gashi, wani kore, wani baƙi, ruwa na tsiyaya. Yara suka watse. Shi ko ya buga ƙirji.

"Gona ta yi kyau! Malam, ka taɓa ganin yabanya irin wannan?"

Malam yana riƙe da takardun jarrabawa da yatsu biyu, suna ɗiga.

Ana haka sai ga Jummai, mayafi a kafaɗa. Kwana uku tana zargin 'ya'yan maƙwabta.

"Kwanukana! Kwanukan da Inna ta jera mini ranar aurena!"

"Jummai, yi a hankali, gaban ɗalibai ne. Aikin kimiyya ne."

"Ita kimiyyar ba ta da kwano a gidan ubanta?"

"Za a wanke."

"Wa zai wanke?"

"Za a duba."

Suna wannan, akuyar Sada ta zagayo ta bayan aji ta cinye gona uku. Washegari babu wanda ya iya zama a teburin shayi, don cikin akuyar ya ɓaci, kuma ƙarƙashinsa take kwana. Dabo ya je ya ce zai duba ta kyauta. Sada ya bi shi da ludayi har bakin masallaci.

To, duk wannan da sauƙi. Abin da ya kai Dabo ƙasa wata tambaya ce da Munawwara ta yi ranar Litinin ɗin nan, bayan ƙura ta lafa.

Ta ce, "Baba Dakta, ai Inna ma haka take yi. Ta zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara, ta rufe, ta ajiye wuri mai ɗumi. Kafin safe duk ya zama nono. Shi ma bakteriya ne?"

Dabo ya tsaya cak. An zuba kaɗan, an rufe, an ajiye a ɗumi, ya yi yawa. Ashe shekara da shekaru gonar bakteriya garin nan ke sha da fura, ba wanda ya gano sai shi.

Innar da yarinyar ke nufi ita ce kakarta, Inna Hapsatu, mahaifiyar Jummai, surukar Dabo. Mutanen shanu ne da suka daɗe da zama. Duk ƙasar nan ba a kindirmo kamar nata. Sirrin yana cikin ɗan tsohon nonon da take ragewa kullum ta zuba wa madarar gobe, wanda take ce wa iri. Matan unguwa duk wurinta suke karɓa. Ba ta da yawan magana. Shekara goma sha ɗaya da Dabo ya auri 'yarta, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In tana da magana, Jummai take gaya wa, ko da yana tsugune a gabanta. Kunyar surukai ce. Wasu sun ce ba kunya kaɗai ba ce.

Mai unguwa ya riga ya roƙe ta ta haɗa fura da nono na baƙin Alhamis. Dabo ya ga hanya ta buɗe. Zai ba Hajiya nonon da babu bakteriya ko ɗaya a ciki, na farko a Jigawa. Hula da tuwo duk za a manta.

Talata ya tare mai tallan magani da ke zaga ƙauyuka a kan babur, ya sayi kafso ja da rawaya cikin leda. Mai tallan ya ce, "Dakta, duk gidanka ne babu lafiya?" Ya ce, "Duk garin."

Laraba matan unguwa suka tara madararsu a gidan Inna Hapsatu. Ta dafa, ta bari ta huce, ta raba ƙore bakwai, ɗaya 'yar ƙarama. Da yake madarar da yawa, ta juye irinta kaf ta raba musu, da niyyar gobe ta ɗebi sabo. Ta rurrufe da faifai a ɗakin girki. Bayan la'asar ita da Jummai suka tafi barkar haihuwa ƙauyen gaba.

Suna ɓacewa Dabo ya shigo da yara goma sha biyu. Mutumin da in zai shiga gidan nan tun daga zaure yake cire takalmi yana gyaran murya, yau ya shiga kansa tsaye har ɗakin girki.

Ya zazzage leda a faifai, ya ce, "Wannan shi ne antibayotik. Sojan da ke kashe bakteriya. Kowa ya ɗauki nasa, ya ɓalle, ya zuba garin a ciki."

Munawwara ta tare ƙofa. "Inna ba ta bari a ɗaga faifai kafin safe."

"Inna ta yi aiki a Birnin Kudu?"

"A'a."

"To matsa. Kuma kada wanda ya faɗa. Mamaki za mu ba su."

Aka fara. Ya ce biyu-biyu. Da ya tuna baƙuwar babba ce, ya ce uku-uku. Wasu yaran suka ƙara daga zuciyarsu. Ana cikin hayaniya Munawwara ta sulale waje, hijabinta a kumbure ta gaba. Dabo ya ce fushi ta yi, ta je ta huce. Ya sa muciya ya gauraya kowace ƙwarya. Madara ta yi rawaya-rawaya.

Wani yaro ya ce, "Dakta, ta canza kala."

"Jininsu ne. Rufe."

Alhamis da hantsi mota ta tsaya a ƙofar makaranta. An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, mai unguwa da dattawa sun zauna, mata daga gefe, yara a layi. Malam Munzali ya tarbi baƙuwa, ramin hularsa na kallon baya. Hajiya Ummussalma gajeriyar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan murmushi. Direba ya ɗora wani akwatin katako a tebur, kusa da shi koriyar falmaran a ninke, da lasifika ja da fari.

Idon Dabo bai bar lasifikar ba. Ba a gama addu'a ba ya miƙe.

"Hajiya, barka da zuwa. Abokin aiki ne, Dakta Dabo, daga Birnin Kudu. Mako guda ina yaƙi da bakteriya a garin nan. Na kore su daga hula. Na noma su a kwano don yara su san abokin gaba. Yau kuma za ki sha abin da ba a taɓa sha ba tun daga nan har Dutse. Nonon da na kashe duk wata ƙwaya da ke cikinsa."

Hajiya ta dube shi ta saman gilashi. "Ka kashe me?"

"Ga shi nan tafe."

Mata shida ne suka shigo a jere, kowacce da ƙwarya a ka, Inna Hapsatu a gaba da sandarta. Tun daga nesa ana jin ƙoren suna ƙara, cakal-cakal. Dattawa suka dubi juna. Duk wanda ya tashi a gidan shanu ya san kindirmo ba ya motsi a ƙwarya. Dabo bai tashi a gidan shanu ba, yana ta washe baki.

Aka sauke. Inna Hapsatu ta ɗaga faifai ɗaya bayan ɗaya. Tsululu, ruwan rawaya, da wani wari kamar shagon magani. Ta kwance bakin zanenta, ta zube ɓawon kafso ja da rawaya a kan tabarma, tuli guda. Ta tsince su ne a ɗakin girki da safe.

Dabo na ganin surukarsa ta tsaya a gabansa, ƙafafunsa suka tuna da ladabi. Ya zare takalmi ya tsuguna, kai a ƙasa, kwat na sharar ƙasa.

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Jummai, tambayi mutumin gidanki, me madarata ta yi masa?"

Jummai ta juyo. "Inna ta ce me madararta ta yi maka?"

"Ki gaya wa Inna magani na yi mata."

"Inna, wai magani ya yi mata."

"Tambaye shi, ita ta ce masa ba ta da lafiya?"

Sada ya fashe da dariya daga baya, aka ce masa ya yi shiru, masu cewar ma suna dariya.

Dabo ya ce, "Ki gaya wa Inna akwai bakteriya a ciki. Ba ta gani ne kawai."

Inna Hapsatu ta ce, "Gaya masa irin nan a kaina na ɗauko shi daga Fagam ranar da aka kawo ni garin nan. Na uwata ne. Ya ga fari, ya ga ciwon shanu, bai mutu ba. Sai da ya gamu da likita."

Dariya ta tsaya.

Jummai ta buɗe baki za ta maimaita, sai ta fasa. Ta gyara ɗaurin zane. Wannan karon ba saƙo ta isar ba.

"Kai, ko jaririn gidanmu ya san iri abu ne mai rai. In madara da zafi ka zuba shi, ya mutu. In sanyi ya yi yawa, ya ƙi tashi. In ƙwarya da datti, wani mugun abu ya riga shi shiga, nono ya lalace ya yi wari. Shi ya sa muke wanke ƙwarya mu kifa ta a rana. Shi ya sa ba a tatsa sai an wanke hannu." Ta juya wurin yara. "Ku da kuka bi shi, wa ya taɓa ganin Inna ta taɓa nono ba ta wanke hannu ba?"

Yara suka ce, "Babu!"

"Don me take wankewa?"

"Don kada mugun ya shiga!"

"Na kirkin fa?"

"A bar shi!"

Mako guda Dabo yana koyarwa, yara ba su taɓa amsa masa da murya ɗaya haka ba. Hajiya ta lura. Ta rubuta wani abu a takarda.

Sannan ta ce, "Malam Dabo, nawa ka zuba?"

Ya ɗago, ya ɗauka yabo ne ke tafe. "Uku-uku, Hajiya. Ban yi rowa ba."

"Wane likita ya rubuta maka?"

"Ai ni ne..."

"Wane likita?"

Ya mayar da kai ƙasa.

Ta ce, "Jama'a, kada kowa ya ɗanɗana wannan. Kada a ba maraƙi, kada a ba kare. Abin da matar nan ta faɗa shi ne. Ƙwayoyin nan ba duka ne mugaye ba. Wasu su ke mayar da madara nono, wasu suna cikin cikinmu suna taimakonmu. Kafson nan ba ya tambaya, duk wanda ya samu kashewa yake. Kuma in ana shansa barkatai, mugayen da suka tsira sai su saba da shi. Ranar da ɗanka zai kwanta da gaske, a ba shi, ya ƙi ci." Ta dafa akwatin katako. "Na zo da madubin da ake ganinsu. Da akwai nono mai kyau ko cokali ɗaya, da na nuna wa yara."

Duk madarar unguwa tana cikin ƙoren nan.

Sai Munawwara ta fita daga layi da gudu. Jim kaɗan ta dawo da 'yar ƙaramar ƙwarya a rungume. Ita ce ta bakwai, wadda ta ɓoye a hijabi ta kai bayan rumbu ta rufe da buhu. Ta ƙi faɗa ne don tsoron a ce ta taɓa faifan Inna. Ta ajiye a gaban kakarta. Inna Hapsatu ta ɗaga faifai. Fari tas, a daskare. Ta karkata ƙwaryar, bai motsa ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dafa kan yarinyar.

Hajiya ta roƙi ɗigo ɗaya. Ta shafa a ɗan gilashi, ta ɗiga wani ruwa shuɗi, ta fito da madubin daga akwati ta saita shi da hasken rana. Yara suka yi layi. Kowa ya leƙa sai ya yi ihu. Wannan ya ce kamar 'yan sanduna, wancan ya ce kamar carbi. Malam Munzali ya leƙa. Mai unguwa ya leƙa ya yi salati. Inna Hapsatu ma ta leƙa, ta ce, "Ashe haka kuke."

Hajiya ta ce, "Malam Dabo, kai da ka saba da su, zo ka gaya mana me ka gani."

Wata takwas Dabo yana goge irin wannan madubi da tsumma, bai taɓa sa ido a ciki ba. Ya taso yana gyara kwat. Ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya, ya ga duhu. Munawwara ta ce, "Baba Dakta, wanda ka ɗora ne ka rufe." Ya canza. Ya danna ido sosai, ya yi tsalle baya.

"Ga uwarsu nan! Doguwa, baƙa, tana motsi! Irin ta Birnin Kudu ce sak!"

Hajiya ta leƙa, ta ɗago. "Gashin idonka ne."

Wannan karon ba wanda ya hana Sada. Har mai unguwa sai da ya rufe fuska da hannun riga.

Hajiya ta ɗauki falmaran ta nufi Inna Hapsatu. Tsohuwa ta girgiza kai, ta nuna Jummai. "Ni ba na ihu. Ba wa wannan, ita ce bakina."

Aka sa wa Jummai koriyar falmaran a kan mayafi. Aka miƙa mata lasifika, aka nuna mata inda ake dannawa.

Dabo ya ce, "Hajiya, ai duk ɗaya ne, gida ɗaya ne. Ni zan riƙa riƙe mata."

Hajiya ta ce, "Kai ma akwai naka aikin. A ba shi fartanya. Ka haƙa rami mai zurfi can nesa da rijiya, ka binne madarar nan duka."

Haka aka yi. Baƙi suka sha ruwan randa da fura gaya. Dabo yana bayan makaranta cikin farar kwat, yana haƙa, fartanyar da ya gudu ya bari tun yana saurayi ta same shi. Ya juye ƙwarya ta shida, ya mayar da ƙasa, ya tsaya yana haki. Ya fara tunanin yadda zai ba da labarin a teburin shayi, ya ce dama da gangan ya yi don yara su ga bambanci.

Sai lasifika ta yi ƙara daga tsakar fili. An ji ta har bakin rafi, kamar yadda ya taɓa hasashe.

"Dakta! In ka gama, ka wanke hannu da sabulu. Kwanuka tara na jiranka a gida."

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya saurara, shi ma ya je ya wanke nasa.